Ranar da Yvon Ya Manta Mutuwar Ƙaninsa

Armelle ce ke tuƙa motar, kamar kowace shekara. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gadaje, da ɗan kicin, da firiji, da makewayin da in mutum ya juya a cikinsa sai gwiwar hannunsa ta bugi ƙofa. Ita da mijinta Yvon suka saye ta shekarar da ya bar aikin gidan waya. Tun daga nan, duk bazarar da 'yan keken garinsu suka ɗauki doguwar hanya, ita ce uwar tafiya. Takan bar su da safe suna shafa mai a cinya suna gardamar wanda ya fi minshari, ta wuce gaba ta sayi burodi a ƙauyen farko, ta nemi inuwa a gefen titi ta kafa tebur. Ta cika goruna, ta dafa taliya, ta wanke rigunan jiya ta shanya a igiyar da ta ɗaura daga madubin mota zuwa bishiya. Tayoyin canji da famfo da akwatin magani duk suna ƙarƙashin gadonta. Tsofaffi ne yawancin mahayan, masu furfura da siraran ƙafafu, amma da sun hau keke sai su koma yara, kowa na neman ya riga ɗan'uwansa kaiwa kan tudu.

Tafiyar bana daga bakin tekunsu na Bretagne take zuwa garin Sète, can kudu a bakin wani tekun, kuma Ronan ƙanin Yvon ne ya tsara ta. Shi ya zaɓi ƙauyukan da za a kwana, shi ya dage sai an bi ta duwatsun Cantal ko da gwiwoyi za su yi kuka. Bai ga ranar tashi ba. A tsakiyar hunturu ya fita faskare a bayan gidansa, matarsa Soizic ta leƙo ta taga don ta kira shi cin abinci, sai ta hango shi kwance kusa da gatari. Zuciya ce, in ji likita. Garin duka ya sha mamaki, don mutumin da ke hawa tudu yana waƙa ba wanda ya taɓa jin ya ce ko kansa na ciwo. Ranar binne shi Yvon bai zubar da hawaye ba. Shi ya jera kujeru, shi ya kwashe su, ya koma gida ya wanke kekensa.

Da 'yan ƙungiya suka ce za a yi tafiyar duk da haka, don tunawa da mai ita, Armelle ta matsa wa Soizic lamba ta zo su raka su tare. Ba ta son barin faccalarta ita kaɗai a gidan nan da tarin itacen da ba a gama faskarawa ba. Soizic ta zo, amma kamar jikinta kawai ta kawo. Tana zaune a kujerar gaba tana kallon gonaki, in an tsaya ta yanka burodi, in an gode mata ta gyaɗa kai.

Ranar da abin ya faru sun kwana biyu da shiga duwatsu. Rana ta take, zafi ya yi tsanani. Armelle ta faka motar a ƙololuwar hawan, inda titi ke lanƙwasawa ya fara gangara, kusa da wani shingen waya da jajayen shanu ke kiwo a bayansa suna kaɗa ƙararrawar wuyansu. Ita da Soizic sun shimfiɗa cuku da tumatir da dafaffen ƙwai a tebur. Can sai ga mahayan suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, baki buɗe, riguna sharkaf. Yvon na cikin na farko. Ya sauka lafiya ƙalau, ya jingine kekensa a jikin mota, ya cire hular kwano, ya sumbaci Armelle a kumatu. Ya ɗauki ƙwai yana ɓarewa, ya juya ya dubi hanyar da ya fito.

"Auta bai iso ba?"

Auta shi ne sunan da yake kiran Ronan tun suna yara, bai kuma daina ba har ƙanin ya yi sanƙo. Armelle ta ɗauka ba ta ji daidai ba, ta tambaye shi wane Auta.

"Auta nawa gare ni? Ronan mana. A baya na bar shi, ko ya sha gabana ban lura ba?"

Wuƙar da ke hannun Soizic ta tsaya a tsakiyar cuku. Mutum biyu da ke shan ruwa suka sauke goruna. Armelle ta nemi alamar wasa a fuskar mijinta, mugun wasa ma ta yarda, ba ta samu ba. Yana taunar ƙwansa, idonsa na kan hanya, yana jira.

Ta ja shi bayan mota. Ta karɓi hular kwanon ta juya ta ciki da waje, ba tsagewa ba ƙarzuwa. Ta shafa kansa, ba kumburi. Gildas, shugaban ƙungiyar, wani dogon tsoho da ya yi rayuwarsa yana sayar da injinan noma, ya biyo su yana share gumi. Ya ce Yvon bai faɗi ba, tare suka hau tun daga ƙasa. Abin da ya gani kawai, a rabin hawan sun tsaya a wani kwamin shanu da ruwan dutse ke zuba a ciki, mai sanyi kamar me, Yvon ya tsoma kansa gaba ɗaya. Da ya ɗago ya tambayi wace hanya ce wannan. Gildas ya zaci tsokana ce, ya ce masa hanyar lahira, suka yi dariya suka ci gaba.

Armelle ta kama hannuwan mijinta biyu. Ba ta taɓa yi masa ƙarya kan babban abu ba, ba ta kuma ga dalilin farawa yanzu ba.

"Yvon, Ronan ya rasu. Tun hunturu. Kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa."

Ya dube ta kamar ta yi magana da wani yare. Ya dubi Gildas, Gildas ya sunkuyar da kai. Sai ya zauna daɓas a matakalar motar. Ya tambayi yadda aka yi, wa ke wurin, me ya sa ba wanda ya gaya masa. Bai jira amsa ba, kuka ya ƙwace masa, irin kukan da Armelle ba ta taɓa ji daga bakinsa ba tun aurensu, mai fitowa daga can cikin ciki. Tsofaffin nan suka tsaya cirko-cirko da burodi a hannu, ba mai iya tauna. Armelle ta durƙusa ta rungume kansa, rabin zuciyarta na cewa ko ba komai yau ya yi kukan da ya haɗiye.

Wani mai babur ya wuce da ƙara. Yvon ya ɗago ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Ya share fuskarsa, ya dubi jiƙaƙƙen tafinsa da mamaki, ya ce lallai yau an sha zufa. Ya waiga hagu da dama ya tambayi inda suke. Sannan ya karkata kai ya dubi hanya, da murya ɗaya sak da ta ɗazu.

"Auta bai iso ba?"

Wannan ta fi ta farko kaɗa Armelle. Gildas ne ya yi ƙarfin hali ya sake gaya masa, a hankali, yana dafe da kafaɗarsa. Komai ya maimaita kansa a gabansu: kallon, zaman daɓas ɗin, tambayoyin a jerensu, kukan. Wani daga cikin mahayan ya juya ya tafi bakin shinge ya yi ta kallon shanu. Armelle ta miƙe ta ce duk wanda ya ƙara gaya masa, ita da shi ne.

Waya ba ta kamawa sosai a wurin, sai da Gildas ya hau wani dutse kafin ya samu masu agajin gaggawa. Matar da ta ɗauka ta sa aka ce wa Yvon ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwa biyu, ya faɗi sunan matarsa da na garinsu. Duk ya yi daidai, yana mitar an mai da shi ɗan makaranta. Ta ce kada a jira, a sauko da shi yanzu, motar asibiti za ta tare su a filin cocin ƙauyen da ke gindin dutsen.

Armelle ta zaunar da shi a kujerar baya, wajen ɗan teburin cin abinci, ta ɗaura masa bel. Ba za ta iya tuƙi a wannan gangara tana kuma lura da shi ba, Gildas kuwa dole ya tsaya da sauran. Kafin ta gama tunanin wanda za ta roƙa, Soizic ta hau ta zauna tana fuskantarsa, ta ja ƙofa ta rufe.

Titin siriri ne, duk kwana ce bayan kwana, dutse a hannun dama, rami a hagu. Armelle ta riƙe sitiyari gam. Ba su yi nisa ba ta ji tambayar ta sake fitowa daga bayanta, wannan karon Soizic aka yi wa. Ta ɗaga ido ta dubi madubi.

"Ya yi gaba," in ji Soizic. "Ya ce ka same shi a ƙasa."

Yvon ya bushe da dariya. Ya ce ai ya sani, ɗan banzan gangara kawai ya iya, da za a juya duniya ta zama duk tudu da tuni ya sayar da keken. Soizic ta ce ai shi ma jiya sai da Ronan ya tura shi a tudu. Yvon ya rantse ƙarya ne. Suka shiga zancen Ronan kamar mutumin da ya fita sayen burodi: yadda yake cinye cukun mutane, yadda yake waƙa ba murya, yadda ya ƙi yarda ya sayi tabarau. Armelle na jin muryar faccalarta tana warwarewa, har da 'yar dariya, abin da ba ta ji ba tun hunturu. Ta rasa ko ta ji daɗi ko ta ji tsoro.

Can sai Yvon ya rage murya, ya matso kan teburin.

"Soizic, tunda ba ya nan, bari in gaya miki wani abu, amma kada ki ce daga bakina kika ji. Ki kai shi wajen likita. Tun kaka, in muna hawa tudu sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce wai sarƙa yake dubawa. Ran nan a tudun bayan makaranta fuskarsa ta yi fari fat, sai da ya zauna a ciyawa. Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba, wai za ki kulle masa keken. Ni kam na gaji da riƙe maganar."

Armelle ba ta ga kwanar da ke gabanta ba sai da ta kusa cinye ta. Ta taka birki da ƙarfi, tukwane suka yi ƙara a cikin kabad, wata gora ta gangaro har ƙarƙashin ƙafarta. Da motar ta daidaita ta sake duban madubi. Soizic na zaune a miƙe, hannuwanta a kan tebur, ko ƙifta ido ba ta yi.

"Sau nawa?" ta tambaye shi.

"Ya fi a ƙirga."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Alkawari na yi masa. Amma ai ga shi na faɗa miki, tun da sauran lokaci."

Yvon ya jingina, ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya ajiye kaya, ya juya yana kallon itatuwa ta taga.

Abubuwa suka dinga dawo wa Armelle tana tuƙi. Tun bayan rasuwar Yvon bai ƙara taka gidan ƙaninsa ba. In akwai saƙo ita yake ba ta kai. In Soizic ta zo gidansu sai ya tuna yana da gyara a gareji. Ita duk ta ɗauka baƙin ciki ne kawai, har tana ce wa mutane kowa da irin juyayinsa. Suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci a tebur ɗaya, ashe wannan abu na zaune tsakaninsu ba ta sani ba.

Kafin su kai ƙauyen ya sake tambayar Auta, Soizic ta sake cewa ya yi gaba, ya sake dariyar gangara. Sai kuma ya rage murya, ya matso kan teburin. Armelle ta ce masa ya isa haka, ya huta, kada ya gajiyar da kansa.

"Ƙyale shi," in ji Soizic. "Ina so in ji."

Ta kuwa saurara har ƙarshe, kalma bayan kalma, har zuwa inda ya ce tun da sauran lokaci. Da suka hango motar asibiti a filin coci, yana tsakiyar faɗa mata a karo na uku.

A asibitin garin Aurillac aka ɗauki hoton kansa, aka ɗebi jini, aka auna zuciya. Matan biyu suka zauna a benci guda, jaka a tsakaninsu. Da yamma ta gabato wata matashiyar likita ta fito ta ce ba shanyewar jiki ba ce, ba kuma jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ba. Wata irin ɗaukewar tunani ce da kan zo wa manya wani lokaci bayan wahalar jiki ko sanyi na farat ɗaya. Mutum ya san kansa ya san nasa, amma sabon abu ba ya zama, na kwanan baya ma yakan ɓace na ɗan lokaci. Ta ce yawanci kafin gobe ya warware, sai dai wannan yinin ba zai taɓa dawo masa ba. Armelle ta yi godiya, ta ji kunyar irin sanyin zuciyar da ya ratsa ta alhali Soizic na gefenta.

Suka koma cikin motar a wajen ajiye motocin asibiti. Armelle ta shiga tattara abin da ya zube, don hannunta ya samu aiki. Soizic ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kin sani?"

Armelle ta ce ba ta sani ba, yau ta ji kamar yadda ita ma ta ji. Soizic ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ta yarda. Ta ce abin da ke cinta shi ne ta tuna wata rana a kaka da Ronan ya dawo daga hawa ya kwanta a kujera da takalmansa, ta yi masa faɗan ɓata mata shimfiɗa. Armelle ta ce watakila su bar maganar a nan, tunda shi ba zai tuna ya faɗa ba. Soizic ta girgiza kai, ta ce ita ba za ta iya zama a tebur ɗaya da shi tana sane yana zaton ba ta sani ba.

Washegari da safe suka tarar da Yvon zaune a bakin gado yana shan kofi, ya gaji amma idonsa ya dawo nasa. Ya san Ronan ya rasu, ya san suna kan hanyar Sète. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne fara hawan dutsen. Ya tambayi inda kekensa yake, sannan ya yi murmushin kunya ya ce Allah ya sa bai yi wani shirme ba jiya. Armelle ta dubi ƙasa. Soizic ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta maimaita masa abin da ya faɗa, ba ragi ba ƙari, har tudun bayan makaranta.

Yvon ya ajiye kofin a hankali. Ya ce ya sha zuwa ƙofar gidanta a waccan kakar da niyyar faɗa, sai ya ji muryar Ronan a ciki ya fasa. Ya ce kullum yana cewa mako mai zuwa.

"Da ka faɗa, da na ja shi da kunne zuwa asibiti."

"Na sani."

"Ba kai kaɗai nake jin haushi ba," in ji Soizic. "Na fi jin haushinsa. Amma shi ba ya nan, kai ne kake nan."

Ta miƙe ta fita. Armelle ta kai ta tashar jirgin ƙasa da jakarta guda, suka rungumi juna a taƙaice, ba wadda ta yi wa wata alkawarin komai.

Sauran mahayan na can suna jira a wani sansani gefen kogi, ba ruwan sha, ba tayar canji, rigunansu duk suna cikin mota. Likita ta hana Yvon hawa keke na ɗan lokaci, shi kuma ya ƙi yarda a koma gida. Aka ɗaure kekensa a bayan motar, ya zauna a kujerar gaba. Sauran kwanakin shi ya riƙa cika goruna yana miƙa wa abokansa a bakin titi. Gildas da sauran sun san abin da suka gani a kan dutse, ba su san abin da aka faɗa a gangara ba, don haka suka yi ta tsokanarsa wai sanyin ruwan shanu ya wanke masa kai. Yakan yi musu murmushi. Shi da Armelle kuwa sun yi tafiyar awoyi ba wanda ya ce uffan. Sau ɗaya ta tambaye shi me ya sa ko ita bai gaya mata ba, ya ce don ya san ita da ta faɗa wa Soizic. Ta ce eh, da ta faɗa. Suka isa Sète, tsofaffi suka shiga teku da takalmansu suna ihu, aka ɗauki hoto, aka juyo.

Soizic ba ta kira su ba duk sauran bazarar, in sun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai. Sai da ruwan kaka ya kankama wata ranar Talata ta bugo waya, ta ce a ba ta Yvon. Indararon rufinta ya toshe, ruwa na bin bango yana shiga ɗaki. Ya ɗaura tsani a kan ƙaramar motarsu ya tafi. Da ya dawo wajen tsakar rana, hannayen rigarsa duk ruɓaɓɓen ganye, Armelle ta tambaye shi me ta ce masa. Ya ce ba ta ce komai ba, ta dai riƙe masa tsanin. Da ya sauko ta nuna masa indararon da ke ta baya shi ma ya toshe, ta ce ya dawo ranar Alhamis.